Sallamar da ke fitowa daga zaure

Aikin wasan kwaikwayo na rediyo ya koya mini cewa kunne yana auna tazara, kuma ba a yi masa wayo. A zamanin da nake haɗa sauti, yawancin masu sauraronmu akwatin rediyo mai lasifika ɗaya gare su, suna kamo mu a gajeren zango ko matsakaici. Sitiriyon nan mai raba sauti dama da hagu, wanda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, bai tsinana mana komai ba. Kusa da nesa kawai muke da su.

Dattijon da na yi aiki a ƙarƙashinsa ba ya yarda a rage ƙara a na'ura don nuna mutum yana nesa. Sai ya ce, "Yaro, bar maɓallin nan, ja ɗan wasan baya." Da alli ya zana layuka a daɓen sitidiyo: nan ɗaki, nan tsakar gida, can zaure. Mai sallama zai koma layin ƙarshe, ya ɗan ba makirufo kafaɗa, ya ɗaga murya yadda baƙo ke yi. A fili, in tazara ta ninka, sauti kan ragu da kusan desibel 6. A cikin gini kuwa amsa-kuwwar bango ce ke fara rinjayar muryar, numfashi da motsin leɓe su ɓace. Maɓalli ba ya iya wannan. Sai dai ya ba ka mutum a kusa yana magana ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, a gidan Bahaushe tazara ladabi ce. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Suruki daga nesa yake gaida surukarsa, a tsugune. In ka ɗauki muryarsa daf da tata, mai sauraro ya ji ka kai shi gefen gadonta, ko da marubuci bai rubuta haka ba. Tun daga nan nake sauraron inda mutum ya tsaya kafin abin da ya faɗa.

Shi ya sa yake damuna in ga fim ɗin da aka sake ɗaukar muryoyinsa a ɗaki, kowa baki a jikin makirufo, mai kira daga bakin rijiya da mai raɗa duk tazara ɗaya. 'Yan'uwana masu haɗa sauti, don Allah ku riƙa barin ɗan wasa ya taka da ƙafarsa zuwa inda labarin ya ajiye shi.