Dutse, Jigawa da Gulbi: Wace Hanya Ta Fi Biyan Wahalar Matafiyi?

Wanda ya tashi a ƙasar Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya saba hango hanyarsa tun daga nesa, domin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda babu tsaunin da zai tare wa ido gani. Duk da haka mazan jiya, fatake da makiyaya da almajirai, sun san wahalar sawu iri uku, kuma kowace da ladanta.

Ta farko ita ce ta dutse, wadda sai an nausa arewa zuwa Azbin ake ɗanɗanarta. Can ne Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022, mafi tsawo a duk Nijar. Mai hawansa yakan bi siririyar hanya tsakanin manyan duwatsu, jaki a gaba shi a baya, numfashi na sarƙewa, gwiwa na rawa. Sai dai dutse ba ya ɓoye mugun halinsa: tun daga gindi mutum zai ga abin da ke jiransa. Idan ya kai bisa kuwa, ga iska mai sanyi, ga lambuna, ga faɗin duniya a ƙarƙashin ƙafarsa. Ladan dutse a take ake biyansa.

Jigawa ba haka take ba. Tsakanin Agye da Gazawa hanya lumui take a ido, amma rairayi yana cinye rabin kowane taki. Da bazara ƙasa takan yi zafin da takalmi ba ya tarewa, da kaka kuma ƙarangiya ta maƙale a wando. Babu ƙololuwar da matafiyi zai ce ya kai. Abin da zai samu shi ne inuwar gawo, da rijiya, da furar da za a miƙo masa a ƙauye tun kafin a tambayi sunansa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ɗanɗana biyun nan: ya ratsa duwatsun Azbin a 1850, ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya sauka Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano.

Ta uku ita ce ta gulbi, kuma ita ta fi yaudara. Gulbin Maradi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya. Da rani yaro ma yana ƙetare shi. Da damina kuwa ruwan da aka yi a wata ƙasa mai nisa yakan iso ba sallama, mashigin da aka bi da safe ya gagari ƙato da la'asar. A nan ƙarfin ƙafa ba ya amfani sai sanin wuri: ina ne yashi ya daskare, ina ne laka ke haɗiye sawu. Ladansa fadama ce mai albarka. Ɗan'uwansa Gulbin Kaba, wanda ya daɗe da daina gudu kamar da, goruba yake bayarwa, da kabar da ake saƙa tabarma da igiya.

Idan aka auna, dutse ya fi gajiyar da jiki, jigawa ta fi cin haƙuri, gulbi ya fi barazana ga rai. Wajen lada kuma, dutse na ƙosar da ido ne, sauran biyun su ke ciyar da gida.

Ga mai nazarin harshe akwai abin lura a nan. Tudu, jigawa, fako, kwari, kwazazzabo, fadama, mashigi, burtali, zango: kalmomi ne da ƙafa ta koya wa baki. Yau kwalta ta haɗa Gidan Rumji da Gazawa, babur kuma ya shiga kowane lungu, yaro yana iya girma bai bambance fako da jigawa ba. Tsofaffin da suka taka waɗannan hanyoyi suna nan a kasuwannin ƙauye, amma kullum raguwa suke. Ɗalibin da ke neman abin bincike, ga shi nan kusa da gida, kuma ba zai jira shi ba.