Abin Da Littafin Gyaran Gidanmu Ya Nuna Mini

Na san da yawa daga cikinmu idan damina ta kankama, rufi ya fara yoyo, aka jera robobi a tsakar ɗaki, to rigima da maigida ta taso ke nan. Wata ta ce rowa ce, wata ta ce ai kuɗin lefe yake tarawa zai yo mata kishiya. Ban ce babu masu yin haka ba, halin maza sai su, amma kafin a yanke wa bawan Allah hukunci ina so a ji lissafina.

Tun 2019 da muka tare a gidanmu a nan Kano nake rubuta duk kwabon da ya tafi wajen gyara, a wani littafin makaranta na yara: ranar, abin da aka saya, da kuɗin aikin magini ko kafinta. A shafin farko buhun siminti yana wajen N2,500. Farkon 2023 ya kusa N5,000, muna ta salati muna cewa duniya ta zo ƙarshe, ashe somin taɓi ne. Ran 29 ga Mayun shekarar Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ba ta kai N200 ba ta haura N500, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Kafin Fabrairun 2024 dala ta wuce N1,500, siminti ya haye N10,000, har sai da gwamnati ta kira masu kamfanonin suka zauna, aka ce a sayar tsakanin N7,000 da N8,000. Mu dai da muka aika Ƙofar Ruwa a satin ba haka aka faɗa mana ba.

Ga inda abin ya fi taɓa ni. A 2019 mafi ƙarancin albashi N30,000 ne, wato buhu 12. A 2024 aka mai da shi N70,000, kowa na murna, amma idan buhu yana N10,000, guda 7 kacal zai saya. Albashi ya ninka har da ɗoriya, siminti biyar sun salwanta a hanya. To mai iyali da zai sayi masara, ya biya kuɗin makaranta, da me zai yi filastar katanga?

Kuma ba siminti kaɗai ba. Kwanon rufi da fenti dala suke bi, don yawancin abin da ake haɗa su da shi daga waje yake zuwa. Katako a Na'ibawa da tifar yashi kuɗin mota ne ya ɗaga su. Shi kansa maginin da na yi masa ƙorafin ya ƙara kuɗin aiki, cewa ya yi, "Haba Hajiya, ni ma fa awo nake yi." Na rasa amsar da zan ba shi.

Mu mata mun saba da asusu da adashi, a tara sai ya cika sannan a kira mai gyara. Wannan dabarar ta zamanin da kaya ke zaune wuri ɗaya ce. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ke nan kuɗin da kika ɓoye a ƙasan adaka shekara guda, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya zube. Shi kuwa yoyo ba ya jiran ɗaukar adashi. Falle biyun da aka ƙi canzawa bana, baɗi sun ruɓar da katako, sun zubo da silin, wataƙila har da katifar ɗakinki.

Yanzu duk abin da ya shigo hannuna, ko na ƙullin gyaɗa ne, kaya nake mayar da shi. Fallen kwano ɗaya yau, ƙusa gobe, bututun famfo jibi, ina jinginewa a sito. Siminti ne kawai ba na ajiyewa, don da ya sha danshi zai daskare ya zama dutse, sai ranar aiki ake sayo shi. Watan jiya Baban yara ya ƙirga, falle 9 muke da su, saura 5 a rufe ɗakin yara kafin ruwan farko.