Kafin a tafi ganin Gobarau

A garin Madarunfa akwai wani ma'aikacin gwamnati, magidanci mai ƴaƴa huɗu, wanda tambayar ɗansa ta hana shi sakat. Yaron ya dawo daga lakol wata rana da littafinsa, ya nuna hoton dalar Masar da na hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, ya ce: "Baba, mu ba mu da irin waɗannan ne?" Kafin uban ya buɗe baki sai kakar yaron ta amsa daga kan tabarma: "Je ka Katsina ka ga Gobarau, sannan ka sake tambaya." Ta juya wajen ɗanta ta ce: "Ni ma rabona da ita tun ina amarya. Ka kai ni in ƙara ganinta kafin ƙasa ta rufe idona."

Roƙon uwa ba abin ture wa ba ne, balle ga Bakatsinen Maraɗi. Kowa ya san asalin sarautar ƙasar nan. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen shekarar 1807, gidan sarautar Haɓe ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga baya ta raba ƙasa, ba ta raba dangi ba. Daga Madarunfa zuwa Katsina ba a cika kilomita 100 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. A da, tafiyar hantsi ce.

To, amma hanyar yau ba ta da ba ce. Tun wajen 2019 ƴan bindiga masu satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka addabi bakin iyakar, har dubban mutane suka gudo daga Najeriya zuwa jihar Maraɗi. Ƙauyukan gundumar Madarunfa sun ɗanɗana, hanyar Jibiya zuwa Katsina ita ma ta sha fama. Ita kanta iyakar an rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Mutumin ya yi ta auna abin a ransa. In ya ƙi, wataƙila tsohuwa ta tafi da burinta. In ya yi gaggawa, yana iya jefa ta da jikanta a hannun da sai an sayar da gona da gida kafin a karɓo su.

Da ya kai wa wani abokinsa ɗan kasuwa maganar, sai abokin ya yi dariya ya ce: "Malam, kana neman tarihi a Katsina, na ƙofar gidanka fa, ka nuna wa yaran?" Maganar ta soke shi. Kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin Madarunfa, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa, ƴaƴansa ba su taɓa tsayawa gaban ko ɗaya ba. Alhali tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Don haka zangon farko sai ya zama na gida. Wata safiya ya kwashi iyalin, suka nemi wani dattijo masanin wurin ya yi musu jagora, suka yi sallama ga mamata, suka yi addu'a, suka ba da sadaka. Ya hana yaran shiga ruwa saboda tsargiya, ya kuma sa aka ɗauko ruwan sha daga gida, don bai manta da annobar kwalara da ta tashi a gundumar a 2018 ba.

Daga nan ya shiga shirin babbar tafiya, ya fara da zaɓen lokaci. Damina ta fita, saboda zazzaɓin cizon sauro da lalacewar hanya. Bazara ma ta fita, don tsohuwa ba ta iya jure zafin Afrilu. Sai ya tsayar da hutun ƙarshen Disamba, lokacin sanyi. Ya duba katin ɗan ƙasa na kowa, da takardar haihuwar yaron, da katin allurar shawara. Da yake Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, bai dogara da abin da ya saba ba, sai da ya je da ƙafarsa ya tambayi takardun da ake nema a bakin iyaka.

Labarin hanya kuwa bai nema a rediyo kaɗai ba. Ya zauna a tasha da direbobin da ke bin ta kullum, da fataken da ke sauke kaya a Jibiya, don su ne suka san ranar da hanya ta yi kyau da ranar da ta ɓaci. Shawararsu ɗaya ce: kada a yi sammako irin na asuba, kada kuma a bari la'asar ta yi a daji. A tashi bayan rana ta fito, lokacin da motoci suka yawaita, a bi babbar hanya, kada a yarda da direban da zai ce ya san yanke ta cikin daji. Ya ajiye motarsa a gida, ya zaɓi ta haya wadda ya san mai ita. Ya canji sefa zuwa naira wajen ɗan canjin da ya sani, ya raba kuɗin aljihu biyu. Ya ajiye babbar riga da agogo, tsohuwa ta tuɓe ƴan kunnenta na zinariya. Ranar tafiya kuwa ba wanda ya sani sai uwargida da ƙanensa guda, wanda ya bar wa lambar mai masaukinsu, domin sau da yawa ɓarawon mutane da ɗan rahoto yake aiki.

Abu mafi wuya shi ne rage buri. Ya so su ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kushewun sarakunan farko na Katsina suke, amma wurin ƙauye ne, sai ya soke shi. Ƙananan yara uku suka yi kuka da aka ce ba da su ba. Uwargida ta ce: "Malam, ko dai a haƙura gaba ɗaya?" Ya ce mata in direbobi suka ce hanya ba kyau ranar, to an fasa, ko da an riga an biya kuɗin mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya sa ranar hanya lafiya lau. Kafin azahar suna Katsina. Suka ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina, suka ga ƙofar fadar sarki, sannan suka tsaya gaban Gobarau, hasumiyar laka mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Sai da suka nemi izinin mai kula da wurin kafin su ɗauki hoto. Kashegari suka je Daura da rana, suka sha ruwan rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya, suka koma masauki kafin magariba. Rana ta uku da hantsi suka kamo hanyar gida.

A cikin mota yaron ya faɗi abin da ke ransa: ya ce a littafi an rubuta Eiffel ta fi mita 300, Gobarau kuwa gajera ce. Kakarsa ta ce: "Waccan ƙarfe ce, jikana. Wannan laka ce, ruwan damina ɗaya na iya cinta. Da ka gan ta tsaye, to kowane zamani an sami masu yaɓe ta." Uban bai ce komai ba, yana duban agogon mota da sauran tafiyar da ta rage zuwa Ɗan Isa. Da suka ƙetare iyaka ya kira ƙanensa ya ce a gaya wa mutanen gida su ɗora tukunya. Yaran nan uku kuwa sun tare su a ƙofa da tambayar yaushe ne nasu zuwan, ya ce musu sai ya sake zama da direbobi a tasha.