Mai gadin da bai taɓa kama ɓarawo ba

Yau ba zancen farashin buhun hatsi na kawo muku ba, ba kuma na albashi ba. Zancen ƙwallon kwando ne, wasan da yaranmu ke kira basket. Amma ina roƙon ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi kanti, ta shafi biro, kuma ni kaina tana da alhakin wani yaro a wuyana shekaru masu yawa.

Abin da ya tayar da ita gardama ce a fadarmu ta Wadata, inda muke shan shayi bayan sallar isha'i, ba nisa da tashar mota. Wani ɗana ya miƙo mini salula, ya ce: «Baba, duba nan, gardama ta ƙare. John Stockton ya fizge ƙwallo sau 3,265 a rayuwarsa ta wasa, babu wanda ya kai shi a gasar NBA ta Amurka. Ke nan cikin ƴan baya babu mai tsaro kamarsa.» Ƴan baya su ne ƴan wasa biyun nan da ke tsayawa nesa da kwando, mai jan ragama da mataimakinsa, waɗanda a filayenmu ake kira mener da ariyer. Na ce masa lissafinsa gaskiya ne, hukuncinsa ne ke da gyara. Ya yi dariya, ya ce tsofaffi ba sa son alƙaluma. Bai sani ba, son alƙaluma ne ya taɓa sa ni na zalunci mutum.

A shekarar 1996 ina ƙaramin ma'aikaci, lokacin da albashi ke yin watanni bai leƙo ba. Da marece, maimakon zaman tunani, nakan tara yaran unguwa a wani filin siminti na lakwal, in koya musu ɗan abin da na sani tun ina lise. Ni mutumin rajista ne, saboda haka na sayi kaye, na ja layuka: wa ya ci maki, wa ya yi laifi, wa ya fizge ƙwallo. Cikin yaran akwai ƴan baya biyu. Na farko ana yi masa laƙabi da Shaho, hannunsa kamar walƙiya, a wasa ɗaya yakan fizge ƙwallo sau huɗu ko biyar, ƴan kallo su yi ta sowa. Na biyu ana ce masa Kaska, ba shi da ado ko kaɗan, sai dai ya liƙe wa mutum, ya bi shi duk inda ya sa ƙafa. A kayena, gaban sunan Kaska, layin fizge ƙwallo kusan kullum sifiri ne.

Da aka shirya wata ƴar gasa tsakanin unguwanni a hutun watan Afrilu, riguna ba su isa kowa ba, dole a rage mutum ɗaya. Na buɗe kaye, na duba, na ajiye Kaska. Na faɗa masa a gaban ƴan uwansa cewa takarda ba ta ƙarya. Bai ce komai ba, ya ninke rigar, ya miƙo mini da hannu biyu. A wasa na biyu aka fitar da mu. Shaho ya fizge ƙwallo sau biyar a ranar, na rubuta duka. Abin da ban rubuta ba, domin babu layinsa a kaye, shi ne sau nawa ya zabura ya kuskure, mutuminsa ya wuce shi ya tafi kwando babu mai tare shi. Na ɗora laifin a kan arbit da zafin rana, na koma gida da zuciya wankakkiya.

A damina ta wannan shekara wani ɗalibi ya zo hutu daga Faransa da kaset-kaset na bidiyo da ya ɗauka a tashar Canal+, na wasannin ƙarshe na NBA tsakanin Shikago da Siyatil. Muka taru a tsakar gidan wani maƙwabci mai tele, muka kalle su ɗaya bayan ɗaya. A waccan shekara Shikago ta ci wasa 72 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. A wasanni uku na farko Michael Jordan ya ci maki 28, da 29, da 36, Shikago ta lashe duka ukun. Daga wasa na huɗu sai mai horar da Siyatil, George Karl, ya ɗora wa Gary Payton nauyin tsaron Jordan. Payton shi ne aka zaɓa gwarzon mai tsaro na wannan shekara, ana yi masa laƙabi da safar hannu saboda yadda yake liƙe wa mutum. A wasanni ukun da suka rage Jordan ya ci 23, da 26, da 22, kuma cikin jifa 60 da ya yi, 22 kawai suka shiga. Siyatil ta ci biyu, kafin Shikago ta ɗauki kofi a wasa na shida, ran 16 ga watan Yuni.

Ba makin ne ya tsaya mini a rai ba. Na sa aka yi ta mayar da kaset baya, na daina kallon ƙwallo, na koma kallon ƙafafun Payton. Tun kafin ƙwallo ta zo hannun Jordan ake yaƙin. Yana tsaye tsakaninsa da mai miƙo masa, yana tura shi ya karɓa taki biyu nesa da inda yake so, yana cinye masa sakan biyar ko shida daga cikin 24 da doka ta ba su su yi jifa. In ƙwallo ta iso, Jordan ya riga ya gaji, lokaci ya ƙure, wurin ba nasa ba ne. Duk wannan aiki ba shi da layi a takardar wasa. Ina zaune a kan tabarma sai na ga Kaska a cikin tele. Gabana ya faɗi. Gaskiya ne a shekarar 2020, cikin wani fim na tarihinsa, Jordan ya yi dariya ya ce Payton bai taɓa damunsa ba. Babban mutum ba ya rasa abin faɗa, amma jifa 38 da suka ɓata suna nan a rubuce.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane wannan magana. A ce kana da kanti biyu a kasuwar Wadata, kowanne da mai gadi. Na farko a shekara ya kama ɓarayi goma, kowa ya san sunansa, amma sau uku ana fasa kantin yana can yana bin wani a guje. Na biyu bai taɓa kama ko yaro ba, sai dai kwaɗon ƙofarsa bai taɓa motsi ba, domin ɓarayi sun san ba ya barci, ba ya barin bakin ƙofa. Wanne za ka ƙara wa kuɗi? In da rajista za ka bi, na farko za ka ba. In da kayanka za ka ƙirga, na biyu ne. Rigakafi ya fi magani, amma maganin ne ke da rasit.

Tarihin NBA cike yake da irin waɗannan masu gadi biyu. Allen Iverson ya fi kowa fizge ƙwallo shekaru uku a jere, 2001 da 2002 da 2003, amma ko sau ɗaya ba a sa shi cikin zaɓaɓɓun masu tsaro na shekara ba. Stephen Curry ma ya jagoranci wannan lissafi a 2016, kuma babu mai cewa tsaro ne sana'arsa. Ga Joe Dumars na Ditroyit kuma, wanda a tsawon wasansa bai kai fizga ɗaya a kowane wasa ba, amma sau huɗu yana shiga sahun farko na masu tsaro, kuma ƙungiyarsa ta fitar da Shikago ta Jordan shekaru uku a jere, 1988 da 1989 da 1990. Ba ina cewa fizge ƙwallo aibi ba ne. Payton kansa shi ya fi kowa fizga a 1996, Jordan ma haka a 1988, shekarar da aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaro. Kuma wanda ya ga yadda Jrue Holiday ya ƙwace ƙwallo daga hannun Devin Booker a ƙarshen wasa na biyar na 2021, ya miƙa wa Giannis Antetokounmpo, ya san fizga ɗaya a kan kari tana iya kawo kofi gida. Bambancin shi ne tsakanin mai fizga bayan ya tsare ƙofarsa, da mai barin ƙofa a buɗe don neman fizga.

Akwai kuma wahala ta biyu ga mai son kwatanta su, ita ce zamani. Sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka fara rubuta fizgar ƙwallo a NBA, saboda haka rabin aikin Walt Frazier na Niyok, wanda ya shiga sahun farko na masu tsaro sau bakwai, babu shi a lissafi. A zamanin Payton mai tsaro na iya ɗora hannu a kwankwason abokin karawarsa yana juya shi kamar sitiyari. Daga 2004 aka tsananta hana wannan. Mai tsaron yau da ƙafa kawai yake aiki, a fili mai faɗi, gaban masu jifa daga nesa, kuma kowane lokaci wani ƙato na zuwa ya tsaya masa a hanya kamar bango, dole ya ratsa ko ya kewaye. Wanda zai ce wane ya fi wane ba tare da ya ambaci dokar da kowannensu ya yi wasa a ƙarƙashinta ba, kamar mai kwatanta albashin kafin faɗuwar darajar sefa ta 1994 ne da na bayanta, yana duban adadi kawai.

Wahala ta uku, ɗan baya ba shi kaɗai yake tsaro ba. Bayan Dumars akwai Dennis Rodman da Bill Laimbeer. Wanda ke da dogo irin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, a bayansa yana iya matsa wa mutuminsa ba tsoro, domin in an wuce shi akwai mai gyara ɓarna. Shi ya sa masu zaɓe suka fi karkata ga dogaye: toshe jifa abu ne da ido ke gani. Kyautar gwarzon mai tsaro da aka fara a 1983, ɗan baya ne, Sidney Moncrief, ya ci ta sau biyu na farko, amma bayan Payton sai da aka yi shekara 26 kafin wani ɗan baya, Marcus Smart, ya karɓe ta a 2022. Tun 2013 aka kafa kyamarori a dukan filayen NBA masu bin motsin kowane ɗan wasa, lissafi ya ƙaru ƙwarai. Duk da haka babu na'urar da ke ƙirga ƙwallon da ba a miƙa ba saboda mai miƙawa ya duba ya ga hanya a rufe.

Saboda haka ga ma'aunin da na bai wa ɗana a fada, wanda na saya da tsada. In kana son ka san mai tsaro, ka bar kallon ƙwallo na minti biyar, ka kalli mutum. A ina abokin karawarsa ke karɓar ƙwallo, inda yake so ko inda aka tura shi? In aka yi masa bango, yana ratsawa ko yana tsayawa yana nuna wani da yatsa? Sau nawa ƴan uwansa ke barin nasu mutum su zo taimakonsa? Bakinsa na magana yana gargaɗin na kusa da shi? Sannan babbar tambaya: in saura minti biyu, wa mai horo ke ɗora wa gwanin abokan gaba? Bayan ka amsa waɗannan, sai ka buɗe salula ka duba alƙaluma, za su yi maka amfani. Da wannan ma'auni ni Payton nake sa wa gaba cikin waɗanda na gani, Dumars da Holiday na biye. Stockton mai tsaro ne na kirki, amma ba lambar nan ce hujjarsa ba.

Ma'aikata ƴan uwana, ku ma kun san Kaska. Yana nan a kowane biro: sakataren da dosiye ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, mai ajiyar kuɗin da ba a taɓa jin sunansa ba domin asusunsa bai taɓa giɓi ba. Ranar rabon yabo ba a tuna shi, sai ranar da ya yi ritaya abubuwa suka fara zubewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kaska bai sake dawowa fili ba bayan waccan rana. Shekaru da yawa bayan haka na gamu da shi a tasha, ya zama magidanci, yana kula da lodin kaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce: «Mushe, ina gajiya?» Na riƙe hannunsa, na ce masa kayen nan ya yi ƙarya, ni kuma na bi shi, ya gafarta mini. Ya yi murmushi, ya ce: «Mushe, ai ya wuce. Amma da kun sa ni a ranar nan, mai lamba bakwai ɗin nan nasu da bai ci ko goma ba.» Ashe bai manta lambar ba. Ni kuwa da na koma gida na tono kayen, na tarar ban ma rubuta makin yaron ba, domin namu kawai nake ƙirgawa.

Allah shi ba mu idon ganin aikin da ba ya ƙara, shi kuma yafe mana alhakin waɗanda muka auna da mudun da ba nasu ba. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.