Launin da garin ya sani

Peugeot 404, wadda kamfanin ya fara fitarwa a Faransa a 1960, ba ta da wuyar gyara. Abin da ya tsayar da wani tsohon malamin makaranta a Damagaram shi ne launi. Motar gadon mahaifinsa ce, kuma fara aka san ta.

Da mai fenti ya kankare ƙofa, sai shuɗi mai duhu ya bayyana ƙarƙashin farin. Shi ne launinta na asali. Masu tattara tsofaffin motoci a Turai ba za su yi jayayya ba: abin da kamfani ya shafa shi ne gaskiyar mota, shi ke ɗaga farashinta.

Amma farin nan ba don ado aka shafa shi ba. Fari yana mayar da zafin rana, yana ɓoye ƙurar hunturu, abin da shuɗi mai duhu ba ya iyawa a watan Afrilu. Kuma da farin ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibiti. Shuɗin kuwa babu mai rai da ya tuna shi.

Malamin ya zaɓi fari. Cikin murfin inji kaɗai ya ce a bar shuɗin, kada a taɓa.