Famicom ɗin Yayana

Bayan rasuwar yayana, a ƙasan akwatinsa muka tarar da Famicom, na'urar wasan da Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Na ƙudurta sai ɗan da ya bari ya ga tana aiki.

Adaftarta ta asali ta daɗe da ƙonewa, domin an ƙera ta ne don wutar Japan mai ƙarfin bolt 100, tamu kuwa ta Damagaram 220 ce. Na aro wata da bakinta ya shiga daidai, na jona. Allon talabijin ko gezau.

Mai gyaran rediyo a unguwarmu ya auna, ya girgiza kai. Famicom bolt 10 take sha, kuma tsakiyar bakin wayarta alamar debewa take ɗauke da ita. Wadda na aro akasin haka take. Garajena ya kashe 7805, ɗan ƙarfe mai ƙafa uku da ke sauko da wutar zuwa bolt 5.

Ya canza shi, muka nemo adaftar da ta dace. Da hoto ya bayyana, yaron ya cije leɓe, sak yadda ubansa yake yi.