Daga bakin kogin Boyne

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara. Nan Ailan hunturu ya kama sosai. Rana ba ta leƙowa sai bayan takwas da rabi na safe, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci kuma ta faɗi, sai ka ga Azahar, La'asar da Magariba duk sun riske ni a wurin aiki. Wannan duhun ne ya sa na fahimci wani tsohon kabari da nake so in ba ka labarinsa.

Sunansa Newgrange, a gundumar Meath, kusa da kogin Boyne. Tudu ne babba na duwatsu da ƙasa, an gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi manyan dalolin Masar. Ana shiga ta wani siririn lungu mai tsawon mita 19, mutum yana rankwafawa, har ya isa ɗakin da aka ajiye ƙasusuwan matattu, wasu a ƙone. Rufin ɗakin duwatsu ne aka jera, kowane layi yana matsowa ciki har suka haɗe a sama. Babu siminti, amma a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, rufin nan har yau yana tare ruwa.

Farfesa Michael O'Kelly ya tona wurin daga 1962 zuwa 1975. Ya tarar da wata ƙaramar taga a saman ƙofa, ya kuma ji mutanen yankin suna cewa rana kan shiga ciki. A ranar 21 ga Disamba 1967 ya tsaya a ɗakin da asuba, sai ga haske ya biyo ta tagar, ya ratsa lungun har ciki. Kusan minti 17 yake yi, a ranakun da suka fi gajarta a shekara. Yanzu sai da ƙuri'a ake samun shiga a lokacin.

Maginan manoma ne, masu alkama da sha'ir da shanu, ba su san ƙarfe ba. Sun kewaye tudun da manyan duwatsu 97, akwai kuma farin dutse da suka kwaso daga tsaunukan Wicklow. Wanda abincinsa ya rataya a kan dawowar rana, dole ya so sanin ranar da duhu zai fara ja da baya.

Inda ake gardama shi ne wa ya sa aka yi aikin. A 2020 masana daga Trinity College a Dublin sun binciki ƙwayoyin halittar wani mutum da aka binne a ɗakin, suka gano iyayensa muharraman juna ne. Suka ce alamar gidan sarauta ce irin ta Fir'aunoni, masu aure a tsakaninsu. Wasu masu tona tarihi ba su yarda ba, ni ma ina bayansu. Ƙashin mutum ɗaya bai isa a ɗora masa masarauta ba. Ni aikin gayya nake gani, wanda ƙauyuka suka haɗu suka yi, kakanni suka fara, jikoki suka ƙarasa, kuma ina jin nauyinsu a raina sosai.

Idan hanya ta kai ka wajen Mani, don Allah ka kai yara Durɓi ta Kusheyi su ga namu tuddan, ka turo mini hotuna. A gaida Inna, a ce mata rigar sanyin da ta aiko tana aiki.

Ƙaninka